Mafakar guguwa a makarantun Amurka: abubuwan da ya kamata ka sani

Ran 20 ga Mayun 2013, mahaukaciyar guguwa mai gudun sama da kilomita 320 a sa'a ta afka wa garin Moore da ke jihar Oklahoma ana dab da tashi daga makaranta. A firamaren Plaza Towers malamai sun bi abin da aka koya musu: suka durƙusar da yara a hanyar da ke tsakanin azuzuwa, kowa ya rufe ƙeya da hannu. Bango ya rufto, yara bakwai 'yan shekara 8 da 9 suka rasu. Makarantar ba ta da ɗakin mafaka, kuma babu dokar da ta tilasta mata ta yi.

Wa ke kafa dokar?

A Amurka gwamnatin tarayya ba ta da ikon tsara yadda za a gina makaranta. Hurumin jihohi ne, wani lokaci ma na hukumar gari. Akwai kundin ƙa'idojin gini da ake kira IBC, wanda wata ƙungiyar masana ke sabuntawa duk shekara uku, amma ba ya zama doka sai jiha ta ɗauke shi, kuma tana iya tsame abin da ba ta so. Bugun 2015 ne ya fara cewa duk sabuwar makarantar da za ta ɗauki mutum 50 ko fiye, in tana yankin da guguwa ta fi ƙamari, dole a yi mata mafaka. Yankin ya haɗa da Oklahoma, Kansas, Missouri, Arkansas da sassan maƙwabtansu.

Wasu jihohin ba su jira ba. Alabama ta yi tata dokar a 2010, shekara uku bayan guguwa ta kashe ɗalibai takwas a sakandaren garin Enterprise. Illinois ta bi sahu a 2014.

Me ke sa ɗaki ya cancanci sunan mafaka?

Ma'aunin da ake bi sunansa ICC 500, an fara fitar da shi a 2008. A yankin da ya fi haɗari, ginin sai ya iya jure iskar kilomita 400 a sa'a. Wanda ya ga iskar farkon damina ta yaye kwanon aji ya san ɓarnar iska, to wannan ta ninka waccan sau da yawa.

Sai dai abin da iskar ta kwaso ya fi iskar kanta kisa. Shi ya sa gwajin da ake yi wa bango da ƙofa ya zama na jifa. A ɗakunan gwaji, irin wanda ya yi suna a Jami'ar Texas Tech, ana ɗura dogon katako mai nauyin kusan kilo 7 a cikin wani bututu, a harba shi da gudun kilomita 160 a sa'a. Bulon da ba a cika shi da kankare da rodi ba, katakon kan huda shi ya wuce. Ƙofa ma da ita da ginshiƙinta da sakatarta ake gwadawa tare, domin ƙyaure mai ƙarfi a kan sakata mai rauni ba ya tsare kowa. Rufi kuwa sai an ɗaure shi da bango, bangon da harsashi, don kada iska ta ɗaga shi.

An kuma ƙayyade fili: ƙafa 5 murabba'i ga kowane mutum, 10 ga mai keken guragu. Ana so a samu iskar shaƙa, fitilar da ba ta dogara da wutar gari ba, bayan gida da kayan agajin farko, na zaman sa'a biyu. Sababbin bugun kundin IBC sun ce kada tafiyar zuwa mafaka ta wuce ƙafa 1,000, kimanin mita 300, saboda gargaɗin guguwa a matsakaici ba ya kai rubu'in sa'a, kuma malama ɗaya ce za ta kora yara aji guda.

Ba lallai a gina ta ƙarƙashin ƙasa ba. Makarantu da yawa zauren wasanni ko ɗakin cin abinci ko wasu azuzuwa suke ƙarfafawa, a ci moriyarsu kullum.

To hanyar tsakanin azuzuwa fa?

Gara ita da zama kusa da taga, iyakarta ke nan. A Joplin ta jihar Missouri, guguwar 22 ga Mayun 2011 ta hallaka mutum sama da 150, ta rusa babbar sakandaren garin. Kyamarorin tsaro sun nuna tarkace na keta hanyoyin da aka saba tara ɗalibai. Allah Ya sa ranar Lahadi ce.

Giɓin da ya rage

Dokokin nan kusan duk sabon gini suka shafa, ko babban ƙarin da aka yi wa tsoho. Makarantar da aka gina a 1970 tana nan yadda take, cike da yara. Wannan ne ya fi damuna, domin tsofaffin gine-gine sun fi yawa, kuma su ne masu rauni.

Matsalar kuɗi ce. Hukumar agajin gaggawa ta FEMA kan biya har kashi 75 cikin ɗari na aikin da ya cika sharuɗɗanta, amma tallafin ba ya isa ga kowa. Bayan abin da ya faru a Moore, iyayen da suka rasa 'ya'ya sun shiga fafutukar a ci bashin dala miliyan 500 don yi wa makarantun Oklahoma mafaka, maganar ba ta kai ga akwatin zaɓe ba. Mutanen Moore da kansu suka amince a 2015 su ɗauki bashin da za su biya da harajinsu, domin kowace makarantarsu ta samu. Gundumar karkara mai ƙarancin masu biyan haraji ba ta da wannan ƙarfin, kuma a ganina jiha ce ya kamata ta ɗauke mata nauyin.