Hadda Ko Bincike: Yadda Ake Koya Wa Matasan Katolika Addininsu

Duk wanda ya zauna a aji ɗaya da Musulmi da Kirista a birnin Katsina ya san yadda hirar lokacin tara take. Ana cin gyaɗa, sai wani ya jefo tambaya: me ya sa kuke azumin kwana 40 kafin Ista? Yaron da ya haddace katikisim zai amsa ta farko tsaf. Idan aka bi shi da "to, don me?", sau da yawa nan hadda ke ƙarewa, ya koma gida GRA ko Ƙofar Ƙaura da kunya, wani lokaci har da shakku.

Wannan ya fi zama abin dubawa yanzu. A watan Oktoba 2023 Fafaroma Francis ya yanko Dayosis ɗin Katsina daga na Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi, ya zama bishop na farko, da babbar majami'arsa ta St. Martin de Porres. Sabon gida ne, kuma masu tasowa cikinsa yara ne.

Littattafai ba su yi ƙaranci ba. Babban Katikisim na 1992 yana da sakin layi 2,865, kaya ne da ya fi ƙarfin ɗan aji uku na sakandare. Shi ya sa aka fitar da YOUCAT a 2011, mai tambayoyi 527, kowace da gajeriyar amsa da bayani cikin harshen matasa. Amma in malami ya ce a haddace shi, an koma gidan jiya.

Hanyar da ta fi burge mu ta faro ne a Rum a 1954, a hannun wasu mata biyu, Sofia Cavalletti da Gianna Gobbi, bisa tsarin Montessori. Malami yakan karanta misalin makiyayi nagari, ya jera 'yan tumakin katako a gaban yara, ya tambaye su ko su wane ne tumakin nan, sannan ya yi shiru. Ba ya ba da amsa. Wata rana yaro da kansa yakan gano cewa da shi ake. (Ɗan Katsina kam ba sai an sassaƙa masa tunkiya ba, kullum yana ganinta a bakin titi.) Ga manyan ɗalibai kuwa, ana iya ba su labari guda a Linjila biyu, su kwatanta, su zo da tambayoyinsu.

Ba mu ce a yar da hadda ba. Addu'o'i sai an haddace, kamar yadda abokansu Musulmi ke haddace surori a Islamiyya. Kuma hanyar binciken tana cin lokaci, tana bukatar katikis mai haƙurin jira, wanda ba ya jin tambaya raini ce.

Sai batun harshe. Irin waɗannan littattafai da Turanci aka fi samunsu. Ɗan GRA zai karanta, amma yaron ƙauyen Malumfashi ko Ƙafur da Hausa yake addu'a. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, don haka katikis ɗin ƙauye yana iya farawa da shi a Lahadi mai zuwa, kafin sauran su iso.