Matameye: Yadda ruwan wankin hoto ke raya tarihin iyali ko ya kashe shi

A ɗakunan tsofaffi da yawa a Matameye, babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, akwai hotuna iri biyu a jikin bango ko a ƙasan adaka. Wani an ɗauke shi shekara 40 da suka wuce, amma har zaren aikin wuyan rigar ango ana iya gani. Wani kuma bai kai shi tsufa ba, amma ya yi fari fat ko ya koma ruwan ƙasa, har jikoki na gardamar ko wane ne a ciki.

Sau da yawa bambancin ba daga kyamara yake ba, daga ɗakin duhu yake, inda mai hoto ya haɗa ruwan magani ya wanke fim ɗin. Idan ruwan ya lalace ranar da aka wanke fim ɗin biki ko na suna, magana ta ƙare, domin ba a sake ɗaura aure don a sake ɗaukar hoto.

Yau waya da kyamarar dijital sun karɓe kasuwa, amma wannan ilimi bai zama tarihi ba. Matasa a Turai da Amurka, ciki har da 'yan Afirka mazauna can, sun sake rungumar fim, sannan duk asibitin da bai koma na'urar zamani ba da irin wannan ruwa yake wanke hoton ƙirji da na karaya.

Abin da ke cikin kwalbar

Fim ɗin baƙi da fari na ɗauke da sinadarin azurfa mai jin haske. Bayan an ɗauki hoto, surar tana nan a ɓoye, ido ba ya ganinta. Ruwan farko, wanda masu sana'ar a Nijar ke kira da sunansa na Faransanci, rebelater, shi ke fito da ita. Ruwa na ƙarshe kuma shi ke narkar da ragowar azurfar da haske bai taɓa ba, ya kafe hoton.

Ɗaya daga cikin shahararrun magungunan fito da hoto shi ne D-76, wanda kamfanin Kodak ya fitar a 1927. A kowace lita ɗaya ta haɗinsa na asali akwai giram 2 na metol, giram 5 na haidurokwinon, giram 100 na sodiyam salfait da giram 2 na boraks. Biyun farko su ke aikin fito da hoto, salfait kuma shi ne mai gadi, yana tare iskar da ke son cinye su.

Iskar nan ita ce babbar abokiyar gaba. Kodak da kansa ya ce D-76 da aka haɗa yana kai wata shida a cikin kwalbar da aka cika aka toshe da kyau, amma idan kwalbar rabi ce, wata biyu kawai yake yi. Wannan lissafi kuwa an yi shi ne da ɗaki mai sanyi, ba da bazarar Damagaram ba.

Zafi, ƙura da rashin wuta

An tsara wankin fim ɗin baƙi da fari a kan digiri 20 a ma'aunin Salshiyas. A watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki kan wuce digiri 40, kuma ruwan da ya kwana a jarka cikin shago mai rufin kwano ya yi nisa da abin da ake bukata.

Zafi na yin ɓarna ta hanya biyu. Yana hanzarta lalacewar maganin da ke ajiye, yana kuma sa shi ya yi wa fim aiki da gaggawa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a rage lokacin wanki da kusan kashi 10 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru. Sai dai idan lokacin ya gaza minti biyar, hoton kan fito da dabbare-dabbare, shi ya sa ya fi kyau a sanyaya ruwan maimakon a yi ta rage minti.

Firji zai taimaka, amma wuta ba abin dogaro ba ce. Yankin Damagaram da Maraɗi ya daɗe yana shan lantarki ta layin da ya taso daga Katsina, kuma kowa ya ga abin da ya faru lokacin da Najeriya ta yanke wutar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Iyaka ma ta rufe a lokacin, kamar yadda ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Ga garin da hanyar kasuwancinsa ke bi ta Ɗan Barto da Kongolam zuwa Daura da Kano, rufe iyaka na nufin abin da ke hannu shi za a lallaɓa.

Maganin zafin kuwa yana cikin gida tun kaka da kakanni. Kwalbar da aka tsoma a ruwan randa a inuwa tana yin sanyi sosai fiye da wadda ke kan kanta. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta sa malamin nan ɗan Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya samu kyautar Rolex a 2000, tana aiki ga kwalbar magani kamar yadda take yi wa tumatir. Wanki da asuba, kafin rana ta ɗaga, shi ma yana rage wahala.

Da hunturu kuma matsalar ƙura ce. Ƙwaya ɗaya ta manne a jiƙaƙƙen fim, za ta fito a matsayin tabo a duk hoton da aka buga daga gare shi.

Ƙa'idojin haɗawa da ajiya

Garin D-76 ana narkar da shi ne a ruwa mai zafin digiri 50 zuwa 55, ana juyawa a hankali don kada a kaɗa iska a ciki, sannan a bar shi ya huce kafin a yi aiki da shi.

Ba a raba garin gida biyu don tattali. Sinadaran da ke cikin leda ɗaya nauyinsu ya bambanta, don haka rabin leda ba lallai ya zama rabin kowane sinadari ba. Abin da ya dace shi ne a haɗa duka, a rarraba a ƙananan kwalabe, a cika kowace har wuya. Idan an ɗiba, ana iya jefa ƙwallayen gilashi masu tsabta don ruwan ya sake hawa ya kori iska.

Ruwan haɗin ma abin dubawa ne. Ruwan rijiya ko na famfo mai laka a tace shi, a bar shi ya kwanta. Maganin Xtol, wanda Kodak ya fitar a 1996, an san shi da rashin jituwa da ruwa mai ƙarfe, kuma yakan mutu ba tare da ya sauya launi ba. D-76 shi yana ba da alama: idan ya koma kalar shayi, ya gama.

A rubuta suna da ranar haɗawa a jikin kowace kwalba. Ɗigon ruwan kafe hoto kaɗan ya isa ya ɓata na farko, don haka kowanne da mazubinsa. Kada a zuba su a robar lemo ko ta ruwan sha a ajiye inda yara ke kaiwa, kuma metol na sa wasu ƙaiƙayin fata, shi ya sa safar hannu ke da muhimmanci.

Kafin a saka fim mai muhimmanci, akwai gwaji mai sauƙi: a yanki ɗan bakin fim ɗin da ya sha haske a tsoma a ruwan farko. Idan bai yi baƙi ƙirin cikin 'yan mintuna ba, a zubar da ruwan.

Wanda ba ya wanki kullum, Rodinal ya fi masa. Wannan magani da kamfanin Agfa ya fitar tun 1891 yana zuwa da kauri, ana ɗibar kaɗan a sirka da ruwa a lokacin aiki, kuma ya yi suna wajen daɗewa a ajiye.

Abin da za a rasa

A asibiti lamarin ya wuce na ado. Hoton ƙirjin da aka wanke da gajiyayyen ruwa kan fito a dushe, har likita ya kasa ganin alamar tarin fuka, ko a sa majinyacin da ya taso daga ƙauye ya sake biyan kuɗin hoto.

A gida kuma tarihi ne. Hoton da ya koma ruwan ƙasa galibi ba a kafe shi da kyau ba ne, ko ba a ɗauraye shi sosai ba. Duniya ta san Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako ne saboda fina-finansu sun rayu har aka sake buga su, kuma Sidibé ya karɓi babbar kyautar baje kolin fasaha na Venis a 2007. Haka Philippe Koudjina, wanda hotunansa suka adana rayuwar matasan Yamai ta shekarun 1960 da 1970.

Garuruwa irin su Matameye ma suna da nasu taskokin, a akwatunan tsofaffin masu hoto da adakun iyaye mata. Ɗan garin da ke Agadas, Legas ko Faransa kan nemi a turo masa hoton mahaifinsa ta WhatsApp, sai a ɗauki wanda ya dushe a bango da waya a aika masa. Idan fim ɗin asali yana nan, kuma an wanke shi da kyau tun farko, ana iya fitar da hoton sabo fil. Abin da yake bukata shi ne ambulan ɗin takarda, wuri busasshe nesa da rana, da sunan mutanen da ke ciki a rubuce tun masu gane su suna raye.