Yaro, Allura da Magani Mai Ɗaci

Allura da magani mai ɗaci suna cikin abubuwan da yara suka fi gudu, alhali iyaye ba su da damar ɗaga musu ƙafa a kansu. Ɗan shekara uku bai san amfanin gobe ba, abin da ya sani shi ne zafin tsini da ɗacin da ke kan harshensa. Kukansa yawanci tsoro ne, ba taurin kai ba, kuma yadda babba ya bi da wannan tsoro shi ke sa zuwa na gaba ya yi sauƙi ko ya yi wuya.

Tun daga gida ake shuka tsoron. Yaro yana ƙiriniya sai a ce masa, “Ka bari ko a kai ka likita ya tsira maka allura.” Ran da zazzaɓi ya kwantar da shi, zai shiga asibiti yana ganin horo aka kawo shi. Ƙarya ma tana da nata lahani. Idan aka ce masa alawa za a je saye, sai ya tsinci kansa a layin rigakafi, ya koyi cewa maganar mahaifiyarsa ba abin dogaro ba ce, wannan kuwa ya fi ciwon allurar daɗewa.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan rage zafin rigakafi. Ta ce mai kula da yaro ya kasance tare da shi, a rungume jariri, a ba shi nono lokacin allurar ko gab da ita, a ɗauke hankalin ƙananan yara da wasa ko waƙa. Ta kuma yi gargaɗi a guji ce masa babu zafi. Gaskiya a taƙaice ta wadatar: “Zai ɗan yi zafi, yanzu zai wuce, ina nan riƙe da kai.”

Shan magani ya fi neman haƙuri, domin ba sau ɗaya ake yinsa ba. A arewacin Nijeriya da Nijar, duk damina ana raba wa yara ’yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro wata-wata. Ma’aikata kan ba da na ranar farko, su bar wa iyaye na kwana biyun da ke biye, a nan ne kuwa wasu ke sarewa da zarar yaro ya tofar. Ɗura, wato a danne yaro a toshe masa hanci a kwarara masa, hanya ce mai haɗari, don maganin na iya bin maƙogwaron iska ya shaƙe shi. Gara a zaunar da shi a cinya, kansa a ɗage, a riƙa zuba kaɗan-kaɗan ta gefen kumatu, ruwa na kusa.

Yaron da ya fara wayo yana son a ba shi zaɓi. Ba a tambayarsa ko zai sha, ana tambayarsa da cokali yake so ko da kofi, a hannun Inna ko na Baba. In ya shanye, ko da kuka ne, a yaba masa, kada yayyensa su yi masa dariya. In kuma ya yi amai jim kaɗan bayan sha, a tuntuɓi ma’aikacin lafiya kafin a sake ba shi.