Jarrabawar masu tsabtace haƙora a Amurka: abin da ya kamata iyaye su sani

Cikin ƴaƴanmu da ke zaune a Amurka, kamar a Niyok da Girinsboro, akwai masu karatun aikin tsabtace haƙora. Ba su ne likitocin haƙori ba. Aikinsu shi ne duba dasashi, kankare dattin da ya daskare a gindin haƙori, da koya wa mutane kula da baki. Iyaye a gida kan ce: "Yarinya ta gama lakkol, to ina aikin?" Amsar ita ce, a can diploma kaɗai ba ta isa ba. Sai jihar da mutum yake ta ba shi lasisi, shi kuwa lasisi sai an ci jarrabawa.

Manyan jarrabawar guda biyu ne. Ta farko, mai suna NBDHE, tambayoyi 350 ne a kwamfuta cikin yini guda. Ta biyu ita ce ta aikin hannu, kuma wadda yawancin jihohi ke karɓa ana kiran ta ADEX. Wannan ce ke hana ɗalibai barci.

A da, ɗalibi ne zai nemo mutum mai isasshen datti a haƙora ya zo da shi. In mutumin ya ƙi zuwa ranar, ko masu dubawa suka ce bakinsa bai cika sharaɗi ba, wahala ta tashi a banza. Tun zuwan korona a 2020, jihohi da yawa sun yarda a yi aikin kan mutum-mutumi mai haƙoran roba.

Abu uku ake dubawa. Ɗalibi ya gano dattin da ya ɓuya ƙarƙashin dasashi da ɗan siririn ƙarfe, ba da ido ba, da jin hannu. Ya kankare shi tas ba tare da ya ji wa dasashi rauni ba. Sannan ya auna zurfin ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi. A baki mai lafiya milimita 1 zuwa 3 ne. Ana neman maki 75 cikin 100.

Shi ya sa shiri ke cin makonni: maimaita aiki da agogo a gaba, wasa kayan aiki su yi kaifi, da haddace ƙa'idojin tsabta. Wanda ya faɗi yana iya sakewa, amma sai ya sake biyan kuɗi.

To, mu da ke gida, in muka ji ɗa ko ɗiya na wannan shiri, mu ɗan sassauta kiran waya da neman aike, mu yawaita addu'a. Kuma mu ɗauki darasi: aswaki na hana datti taruwa, amma in ya riga ya daskare, ba ya fitar da shi. Dasashi mai zubar da jini, a kai shi likita.

Allah Ya ba su sa'a, amin.