Baƙin Kaka: Tsuntsayen Ƙetare da Masu Bin Sawunsu a Ƙasar Karaye

Idan watan Oktoba ya kama, dawa ta fara sunkuyar da kai a gonakin Yammedi ta ƙasar Karaye, akan yi wata musayar baƙi a sararin sama wadda yawancin mutane rabinta kawai suka sani. Rabin da kowa ya sani shi ne tafiyar shamuwa. Ta zo da ruwan fari, ta yi sheƙa a kan tsamiya da kuka a tsakiyar gari, ta ƙyanƙyashe, ta ci fara ta ƙoshi, yanzu kuma ta tattara 'ya'yanta ta yi kudu. Masu binciken da suka ɗaura wa shamuwar Jamhuriyar Nijar na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya sun ga ta kai har Tanzaniya, wata ma ta zarce kudu da nan. Ɗaya rabin kuwa na masu isowa ne a daidai lokacin da take tashi: tsattsewa daga Turai, ƙananan agwagin daji daga Rasha, masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin ruwa, da wasu 'yan mitsi-mitsin tsuntsaye masu launin ƙasa waɗanda nauyin ɗayansu bai fi giram 10 zuwa 15 ba.

Yawansu ya wuce yadda ake zato. Wani ƙiyasi da masana daga Switzerland suka fitar a 2009 ya nuna cewa ƙananan tsuntsaye fiye da biliyan 2 ne ke barin Turai zuwa Afirka kudu da Sahara a kowace kaka. Sai sun ƙetare Bahar Rum, sannan su fuskanci hamadar da faɗinta ya haura kilomita 1,500. Galibinsu da dare suke tafiya, guzurinsu kuma kitsen da suka tara a jiki ne, har wasu kan ninka nauyinsu kafin su tashi. Ƙasa mai ɗanyen ganye ta farko da suke tararwa bayan wannan wahala ita ce tamu, daga Maradi da Damagaram zuwa Katsina, Kano, Jigawa da Yobe. Wasu su huta su wuce kudu, wasu su zauna har Maris ko Afrilu.

Tsuntsayen dai tsofaffin baƙi ne. Sabon abu shi ne samari da 'yan mata Hausawa da ake gani yanzu suna fita da asuba, madubin hangen nesa rataye a wuya, waya a hannu, suna rubuta sunan duk abin da ya tashi ko ya yi kuka.

A da wannan harka ta Turawa ce kusan zalla. Ma'aikata da malaman makaranta 'yan ƙetare ne suka fi yawa a ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Najeriya da aka kafa a 1964, kuma jerin tsuntsayen jihar Kano da ya fito a mujallar Malimbus a 1981 aikin R. E. Sharland da Roger Wilkinson ne. Sun yi aiki mai kyau, amma da suka koma gida sai littattafan suka zauna a ɗakin karatu. Al'amarin ya fara juyawa ne da aka buɗe cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wato APLORI, a dajin Amurum kusa da Jos a farkon shekarun 2000, ƙarƙashin Jami'ar Jos. Ɗaliban da ta yaye suka bazu a jami'o'in arewa suna koyarwa. Daga cibiyar ne kuma aka ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015. An yanka ƙasar gaba ɗaya gida-gida a kan taswira, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sa kai zai shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa 2 yana dubawa, ya shigar da abin da ya gani a manhajar BirdLasser, wadda ke ɗaukar wurin da yake tsaye da kanta. Masu sa kai na arewa sun haɗu a ƙungiyar da suka kira Arewa Atlas Team, kuma saurin da suka yi wajen cike guraben taswirar ya kai an rubuta maƙala a kansa a mujallar Ostrich ta Afirka ta Kudu a 2022. Garuruwan Yammedi da Turawa da Zarewa da Fulatan duk suna cikin irin waɗannan gidaje na taswira, kuma duk mai waya a can yana da damar cike nasa.

Dalilin farko na wannan bunƙasa wayar hannu ce. Littafin gane tsuntsaye da a da sai an yi odarsa daga Landan, yanzu hotuna da kukan tsuntsayen suna cikin aljihu, kuma wanda ya ɗauki hoton abin da bai gane ba zai tura zauren WhatsApp a ba shi amsa kafin ya dawo gida. Ga kuma ɗaliban sashen nazarin halittu da ke neman aikin kammala digiri wanda ba ya buƙatar injuna masu tsada. Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya, wadda ake yi a Asabar ta biyu ta Mayu da ta Oktoba, ta ba su lokacin fita tare.

Sai dai akwai dalili mai zurfi, kuma gaskiya ita ce daga waje ya taso. A bazarar 1969 masu ƙidaya a Ingila suka wayi gari kusan kashi uku cikin huɗu na wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda suka saba ji a shingen gonakinsu, bai dawo ba. Da aka bi diddigi sai aka gano cewa farin da ya fara a yankin Sahel a 1968 ne ya kashe shi, farin nan da ya yi ta tsananta har ya kai ga yunwar 1973 da dattawan Kano da Katsina ba su manta ba. Tun daga lokacin Turawa suka gane cewa makomar tsuntsayen lambunansu tana hannun ruwan sama da itatuwan ƙasar Hausa. Shi ya sa kuɗin horo da madubai da littattafai suke zuwa daga ƙungiyoyin can. Wannan ba laifi ba ne, amma yana da illa guda: tambayoyin da ake fita nema wa amsa sukan zama na mai ba da kuɗi. An fi damuwa da tsuntsun da ke ƙyanƙyasa a Holand fiye da fakara ko zabon daji da ke ƙarewa a bayan gari.

Ƙasar Karaye tana da abin da ya sa ta cancanci a sa mata ido a wannan harka, wato madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Kafin ita, kogin kan ja baya da rani ya bar yashi. Yanzu ga tafki shekara zagaye, ga tabo a gefensa idan ruwa ya janye, ga fadamun noman rani. Irin wurin da zalɓe da balbela da kirinjijiya da masu kiwon bakin ruwa ke so kenan, kuma baƙon da ya ƙetaro hamada ba ya wuce shi.

Amma abin da Karaye ta samu, wani ne ya biya. Ruwan Challawa da na madatsar Tiga, wadda aka gama tun 1974, su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda ambaliyarsa ta shekara-shekara ke cika dausayin Haɗeja da Nguru. Wannan dausayi shi ne babban masaukin tsuntsayen ruwa a arewacin Najeriya. Saboda shi Yarima Philip na Ingila ya je Dagona da ke cikinsa a 1989, kuma tafkin Nguru ya shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2000. Da madatsun suka riƙe ruwan damina, faɗin ambaliyar ya ragu ƙwarai. Ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan ba yankewa kuma ya ba ciyawar kacalla damar mamaye hanyoyin ruwa, ta toshe su, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta zama makwancin jan-baki. Masu bincike Edward Barbier da Julian Thompson sun auna lamarin a 1998, suka nuna cewa amfanin da ake samu daga manyan ayyukan ban ruwa na sama bai kai asarar noma da kamun kifi da itace da ake yi a dausayin ba. Don haka idan mai madubi ya ga agwagi sun cika wani lungu na tafkin Challawa, bai kamata ya yi saurin cewa tsuntsaye sun ƙaru ba. Sai an haɗa ƙidayar Karaye da ta Baturiya da ta Nguru da ke dausayin kafin a san ko ƙaruwa ce ko sauya masauki. A nan ne ainihin amfanin taswirar yake, domin ita ce ke ajiye ganin mutane da yawa a wuri ɗaya, shekara bayan shekara.

Manomi kuwa yana da nasa lissafin. Wanda ya kwana uku yana kaɗa gwangwani a gonar shinkafa ko ta dawa, yaransa sun bar makaranta suna korar jan-baki, ba zai ji daɗin wanda ya zo daga birni yana yaba kyawun tsuntsu ba, kuma yana da hujja. Garken jan-baki kan share gona cikin yini. Abin da ya kamata ya ji shi ne cewa jan-baki ɗan gida ne, ba ya zuwa daga Turai, kuma yawancin ƙananan baƙin kaka ƙwari suke ci. Feshin da ake yi da jirgi a makwancin jan-baki ba ya zaɓe, yakan haɗa da shaho da shirwa da duk abin da ya ci gawar. Haka ma batun murar tsuntsaye. Tun da cutar ta fara ɓulla a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna a farkon 2006, ta bazu zuwa Kano, masu kiwon kaji suke kallon tsuntsayen ƙetare da zargi. Agwagin daji suna iya ɗauko ƙwayar cutar, wannan gaskiya ne, amma safarar kaji da kejin kasuwa su ne ke yaɗa ta daga gona zuwa gona. Mai fita kallo da ya san aikinsa shi ne zai fara ganin matattun tsuntsaye a bakin ruwa ya sanar da likitan dabbobi.

Akwai kuma matsalar zamani. Rogo, maƙwabciyar Karaye, tana iyaka da Katsina da Kaduna, kuma a shekarun nan na 'yan bindiga, baƙon da aka gani a bayan gari yana leƙe da madubi yana danna waya zai iya shiga hatsari kafin ya buɗe baki. Wanda ya san ƙauye ba ya fara da daji. Yakan fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci, ya durƙusa ya ce "Ranka ya daɗe", ya faɗi abin da ya kawo shi, a haɗa shi da ɗan gari. Tun da aka sake kafa masarautar Karaye a 2024 a kan ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, hanyar neman izini a fili take. Wannan ɗan rakiya, mafarauci ne ko masunci ko makiyayi, sau da yawa ya fi mai digiri sanin inda kowane tsuntsu yake kwana da watan da yake zuwa. Shi ne zai iya faɗin shekarar da ya yi wa gauraka ganin ƙarshe, ko lokacin da ungulu ta daina sauka a mahauta. Ita ungulun nan da aka raina, tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa, kuma cinikin sassan jikinta don magani yana cikin manyan dalilai. Babban rashi ne a ce manhaja ta ɗauki abin da ɗalibi ya gani yau da safe, amma ba wanda ya rubuta abin da tsohon mafarauci ya gani shekara 50, da sunayen da yake kiransu da Hausa da Fulatanci.

Masu cewa kallon tsuntsaye zai kawo 'yan yawon buɗe ido da daloli, kamar yadda yake yi a Gambiya, suna gaggawa. Can akwai jiragen da ke sauke Turawa kai tsaye, da masauki, da kwanciyar hankali. Abin da Karaye za ta iya samu nan kusa ya fi wannan ƙanƙanta: motar ɗaliban Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, kuɗin jirgin masunci, abincin rana a kasuwa, ɗan hasafin mai rakiya. Yi wa mutane alkawarin da ya wuce haka zai sa su juya baya idan bai cika ba.

Inda bukatar manomi da ta baƙon tsuntsu suka haɗu sosai shi ne kan itace. Masu bincike 'yan Holand ƙarƙashin Leo Zwarts, waɗanda suka yi shekaru suna ƙirga tsuntsaye bishiya-bishiya a faɗin Sahel, sun gano cewa baƙin ba kowane itace suke sauka a kai ba. Sun fi taruwa a kan masu ƙaya na gida, irin su gawo da aduwa da dangin bagaruwa, domin nan ne ƙwari suke. Darbejiya da turare, waɗanda aka fi rabawa a gangamin dashen itatuwa, ba su cika riƙe su ba. Gawo kuwa manomi ya san darajarsa tun kafin a zo da madubi: yana zubar da ganye da damina ya bar amfanin gona ya sha rana, ya yi taki a gindinsa, ya ba dabbobi 'ya'yansa da rani. A jihohin Maradi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon itatuwa a gona suna yi musu aski maimakon tumɓuke su, abin da suke kira sassaben zamani, har aka ƙiyasta fili mai faɗin hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa. A yammacin Kano kuwa buhunan gawayi ne ke jere a bakin titi suna jiran motocin birni, kuma tsadar gas da kananzir tana ƙara musu kasuwa. Hukumar da ke rabon dashe a Karaye da Rogo a damina mai zuwa za ta iya sa gawo da aduwa cikin abin da take reno, ɗaliban da ke fita ƙidaya kuma su riƙa rubuta irin bishiyar da suka ga tsuntsun a kai.