Wasan Neman Ɓoyayyen Akwati

A arewa maso gabashin Ingila akwai wani gari a bakin teku, ana ce masa South Shields. A da aikin mutanensa haƙar kwal ne da ƙera jiragen ruwa. Kusa da garin akwai wata doguwar hasumiya mai fenti ja da fari, sunanta Souter. An kunna fitilarta a shekarar 1871 domin jirage su hango ta da dare, kada su yi karo da duwatsu. A 1988 aka daina aiki da ita, gama jirage sun sami na'urorin da ke nuna musu hanya. Ramin kwal da ke kusa da ita kuwa tun 1968 aka rufe shi.

Yanzu masu yawon shan iska ne ke zuwa wurin. Waɗansunsu wani wasa ke kawo su, shi za mu bayyana muku.

Ga yadda ake yi. Mutum ya sami ƙaramin akwati wanda ruwa ba ya shiga, ya sa ɗan littafi a ciki, ya ɓoye shi a kogon dutse ko gindin shinge. Ba a binne shi a ƙasa. Sa'an nan ya sanar da lambobin wurin. Kowane wuri a duniya yana da lambobinsa biyu, ɗaya ta kudu da arewa, ɗaya ta gabas da yamma. Wayar hannu tana gano lambobin wurin da take da taimakon taurarin ɗan Adam, ta kai mai nema har kusa da akwatin. A Amurka aka fara wasan, cikin watan Mayu na shekarar 2000, da wani bokiti.

To, amma masu wayo ba su ba da lambobin a sarari. Sai su mai da abin kacici-kacici. Alal misali a ce maka: je ka hasumiya, ka nemo shekarar da aka kunna fitila, ka tara lambobinta. Watau 1 da 8 da 7 da 1, 17 ke nan. Ko a ce ka ƙidaya matakalanta, su 76 ne. Da amsoshin nan za ka cike gurbin da aka bari. A ganinmu wannan ya fi daɗi, don mai nema ba ya tafiya sai ya san labarin wurin.

Sai dai a yi lissafi da hankali. Kuskuren lamba guda yana iya karkatar da mutum fiye da mil ɗaya. Gaɓar nan kuwa dutse ne mai tsawo wanda ke zaizayewa, ruwan teku kuma yakan cika ya janye sau biyu a rana. Wanda ya sauka ƙasa bai san lokacin cikar ruwa ba, ruwa na iya tare masa hanya.

In ka sami akwatin, sai ka rubuta sunanka da kwanan wata a littafin. In ka ɗauki ɗan abu daga ciki, ka ajiye wani kamarsa. Kāna ka mai da akwatin daidai inda ka same shi, ba tare da masu wucewa sun gani ba.