Kafin Mu Sayi Kwamfuta, Wa Zai Koya wa Malamin?



A kusan kowace ikkilisiya da muka ziyarta a kewayen Bena, bayan an gama maganar taki da rijiya da 'yan'uwanmu da suka baro ƙauyukansu saboda rashin tsaro, sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya tambaya ko ofishinmu zai iya samo wa makarantarsu kwamfuta. Tambayar tana da dalili. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir. Yaron da yake son shiga jami'a dole ya zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi 180 cikin awa 2. A 2024 hukumar WAEC ta fara gwada irin wannan jarrabawa da masu rubutawa daga waje, a 2025 kuma Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar cewa gwamnati tana so WAEC da NECO su koma kan kwamfuta. Uban da ya sayar da buhun dawa ya biya kuɗin JAMB ba ya so ɗansa ya faɗi don kawai bai taɓa aza yatsa a kan allon rubutun kwamfuta ba.

Amma kullum nakan mayar wa dattawan da tambaya guda: idan kwamfutar ta zo, wa zai koya wa malamin?

Akwai wata makaranta da na sani, ba zan faɗi sunanta ba, wadda wasu masu alheri suka ba ta kwamfutoci. An yi taro, an yi addu'a, an ɗauki hoto. Da na koma bayan damina biyu, sai na tarar da su a sito an rufe da buhu, ɓeraye sun cinye wayoyin. Hedimasta ya gaya mani gaskiya cewa babu malamin da ya yarda ya taɓa su, domin kowa yana tsoron idan ta lalace a hannunsa za a cire daga albashinsa. Ban ga laifinsu ba.

Wannan ba matsalarmu ce mu kaɗai ba. A 2007 an raba wa yaran makarantar firamare ta Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin wani shiri na ƙasashen waje mai nufin kowane yaro ya sami tasa. Shirin bai bazu a Najeriya ba. Ƙasar Peru ta Kudancin Amurka ita ce ta rungume shi sosai, ta sayi kwamfutoci fiye da 800,000. A 2012 aka fitar da sakamakon binciken da aka yi a makarantun karkara 319 na ƙasar. Bayan wata 15, yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu a lissafi da karatu bai ƙaru ba. Malamai da yawa sun ci gaba da koyarwa yadda suka saba, na'urar tana gefe.

Kunya ce ƙofar farko

Yawancin malamanmu sun sami takardar NCE a kwalejin ilimi irin ta Adamu Augie da ke Argungu, ko ta hanyar karatun ƙarshen mako na Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna. Tun 2008 aka sa darasin kwamfuta cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare. Amma a makarantu da yawa na ƙauye, malami yakan zana kwamfutar da alli a kan allo, ya rubuta sunayen sassanta, yara su haddace. Shi ma haka aka koya masa.

Malami mutum ne da gari yake girmamawa. Shi yake karanta wa mutane wasiƙa, sau da yawa shi ne sakataren ikkilisiya. Ba abu ne mai sauƙi ba mutum mai shekara 50 ya zauna yana laluben harafi a gaban yaron da ya koya wa abacada. Saboda haka wurin koyo na farko ya kamata ya zama inda babu ɗalibai, babu mai duba makarantu, kuma an faɗa a fili cewa idan abu ya lalace wajen koyo ba wanda zai biya. Idan ba a yi wannan ba, sauran duka ɓata lokaci ne.

A fara da abin da yake hannu

Ku tuna Dauda ya tuɓe kayan yaƙin Saul domin bai saba da su ba, ya ɗauki majajjawarsa. Majajjawar malamin ƙauye ita ce wayar da take aljihunsa. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, yau kuwa malamin da yake cewa bai iya kwamfuta ba yana duba albashinsa a waya, yana tura kuɗi, yana aika saƙon murya ta WhatsApp, yana ajiye waƙoƙin zumuntar mata a memori. Babbar waya ƙaramar kwamfuta ce. Wanda ya iya nemo waƙa a cikinta ya riga ya san yadda ake buɗe fayil da ajiye shi, sunan abin ne kawai bai sani ba.

Abin da ya rage shi ne a juya wannan sani zuwa ga aikin aji. A nan ne bita da yawa suke kuskure. Ana tara malamai a babban gari kwana 3, a koya masu sunayen manhajoji, a ba su takardar shaida da kuɗin mota, su dawo inda babu kwamfuta. Bayan wata guda komai ya zube. Malamin da na ga ya riƙe abin da ya koya shi ne wanda ya fara da darasin da zai koyar ranar Litinin mai zuwa. Wata malama tana shan wahala wajen bayyana wa 'yan aji 5 yadda husufin wata yake faruwa, sai aka nuna mata yadda za ta sauke ɗan bidiyo na minti 2. Wani kuma ba ya amince da yadda yake furta wasu kalmomin Turanci, sai ya koyi sa waya ta furta masa su kafin ya shiga aji. Buƙata ce ta sa suka koya, kuma da yake sun yi amfani da abin a makon nan, bai ɓace masu ba.

Ga wata dabara mai araha da mutane da yawa ba su sani ba. Akwai 'yar gajeriyar waya da ake kira OTG, masu sayar da kayan waya suna da ita. Da ita ana iya jona allon rubutun kwamfuta, har da linzaminta, a jikin yawancin wayoyin Android. Malami zai iya koyon buga rubutu da yatsu goma a kan teburinsa ba tare da kwamfuta ba. Yaron da zai rubuta JAMB ma haka. Hukumar ta tsara jarrabawar yadda maɓallai kaɗan za su isa: A, B, C da D domin zaɓen amsa, N domin zuwa tambaya ta gaba, P domin komawa baya, S domin miƙa aiki. Wanda ya saba da waɗannan tun daga gida ba zai ɓata rabin awa yana rawar hannu ba. Malamai kansu suna da riba a nan, domin tun 2017 jarrabawar samun lasisin koyarwa ta hukumar TRCN a kan kwamfuta ake yin ta.

Malami yana koya daga malami

A jihohin Sakkwato da Bauchi an yi shirin koyar da karatu da Hausa mai suna Mu Karanta. Ƙarfin shirin bai tsaya ga littattafai ba. Akwai masu zagayawa suna zama a bayan aji, suna kallon darasi, daga baya su zauna da malamin su tattauna abin da ya yi daidai da abin da zai gyara. Jihar Edo kuma ta fara raba wa malaman firamare ƙananan na'urori masu ɗauke da shirin darasi a 2018, su ma da masu bin sawu a makarantu. Ba mu da kuɗin waɗannan gwamnatoci. Amma ɓangaren da ya fi muhimmanci, wato wani ya dawo mako mai zuwa ya tambaye ka yadda ta kaya, ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

Malamai 5 ko 6 daga makarantu na kusa za su iya haɗuwa sau ɗaya a mako na awa ɗaya da rabi. Kowa ya zo da darasi guda da yake ba shi wahala. Wanda ya fi sani ya nuna, amma kada ya karɓi wayar daga hannun mai koyo ya yi masa. Wannan ita ce cutar matasanmu masu saurin hannu: kafin dattijo ya ga inda aka taɓa, an gama. Doka ita ce mai koyarwa ya sa hannunsa a baya, ya yi da baki. Sau da yawa wanda ya fi sani shi ne ƙarami a cikinsu, ɗan bautar ƙasa ko sabon malami, sai manya su haƙura su zama ɗalibai na ɗan lokaci.

Game da intanet, duk mun san yadda sabis yake zuwa yana tafiya a ƙauyukanmu, data kuma tana cin kuɗi. Saboda haka sai a koyi saukewa sau ɗaya a raba wa kowa. Wanda zai je Zuru ko Ribah ya sauke abin da ƙungiyar take buƙata, ya dawo ya tura wa sauran ta Xender ko memori, ba tare da data ba. A Maris 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe Nigeria Learning Passport, rumbun darussa na kyauta bisa manhajar ƙasa, wasu ma da Hausa. Akwai kuma manhajar Kiwix wadda take ajiye kundin Wikipedia a cikin waya a karanta ko babu sabis.

Waya ɗaya, yara 60

Wannan shi ne aikin da ya fi wuya, kuma ba a cika koyar da shi ba. Idan malami ya ɗaga waya a gaban aji, 'yan gaba ne za su gani, na baya su hau benci, darasi ya zama kasuwa. Malaman da suka ƙware sukan rubuta tambaya a allo tukuna, domin yara su san abin da suke nema. Sai su raba ajin kashi-kashi, kowane kashi ya zo ya kalla na minti 2 yayin da sauran suke wani aiki a littafinsu. Bayan haka a kashe wayar a koma ga alli, a tambayi yara abin da suka gani, da Hausa ko yaren gida idan Turanci ya tsaya. Idan darasin sauraro ne, ƙaramar sifika tana isar da murya har bayan aji. Wata malama ta gaya mani cewa takan ɗauki muryar yaro yana karatu a farkon zango, ta sake ɗauka a ƙarshe, ta sa wa iyayensa su ji bambancin. Ba wanda ya koya mata wannan a bita.

Sai maganar tantancewa. Tun 2024 akwai Meta AI a cikin WhatsApp a Najeriya, wasu malamai kuma suna sa shi ko ChatGPT ya rubuta masu shirin darasi. Yana rage aiki, amma yakan faɗi abin da ba daidai ba da cikakken ƙarfin hali, kuma bai san yaran Bena ba. Yana iya kawo misali da jirgin ƙasa ga yaron da ya fi sanin amalanke. Malamin da ya san darasinsa zai gane kuskuren ya gyara. Wanda bai sani ba zai kwafe kuskuren a allo, yara 60 su kwafe a littafi. A ganina, malamin da bai riƙe darasinsa da kyau ba gara ya fara gyara wannan kafin ya dogara ga na'ura.

Abin da ikkilisiya za ta iya yi

Wuta ce ta farko. Faifan sola mai wat 100 yakan ba da kamar wat 400 zuwa 500 na awa a yini mai rana sosai. Batirin babbar waya yana ɗaukar kamar 15 zuwa 20. Ke nan faifai ɗaya da batir mai kyau za su caja wayoyin dukan malaman makaranta, har da kwamfutar tafi-da-gidanka guda. Babbar kwamfuta ta kan tebur kuwa ita kaɗai za ta iya shanye wannan cikin 'yan awoyi. Shi ya sa idan wani ya yi alkawarin ba ku tsofaffin manyan kwamfutoci 10, ku tambaye shi wutar da za ta ɗauke su kafin ku yi godiya.

Majami'u da yawa sun riga suna da sola ko janareta saboda lasifika, ɗakin kuma a rufe yake yawancin ranakun mako. A ba malamai wurin, na makarantar mishan da na gwamnati, Kirista da Musulmi, domin 'ya'yanmu suna hannun dukansu. A yi zaman da rana kowa ya koma gida da wuri. Bayan abin da ya faru a makarantar 'yan mata ta Maga a Nuwamba 2025 ba sai na yi dogon bayani a kan wannan ba. Wannan hali ma ƙarin dalili ne: idan makaranta ta rufe ko iyali suka yi ƙaura, malamin da ya iya aika ɗan darasi ta saƙon murya yana iya riƙe ɗalibansa, kamar yadda wasu suka yi a 2020 lokacin korona.

A tuna da malamai mata. Sau da yawa babbar wayar gidan tana hannun maigida, bayan tashi daga makaranta kuma girki da ɗiban ruwa suna jiransu. Zumuntar mata za ta iya sa baki a zaɓi lokacin da zai yi masu, dattawa kuma su yi wa mazajensu magana.

Idan bayan zango ɗaya ko biyu ƙungiyar malaman tana nan tana haɗuwa, lokacin ne za a tara baiko a sayi kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya. Kafin a saya, kwamiti ya rubuta a littafin taro wanda zai riƙe ta, ranakun da kowane malami zai ɗauke ta, da asusun da za a biya kuɗin gyara daga ciki idan ta lalace.